Jarrabawar Ƙarshe a Cebu

Shekara ashirin da shida nake koyar da lissafin kuɗi
a hawa na uku, inda taga ke kallon tashar jiragen ruwa.
Alli ya ci yatsuna, ya bar mini tari.
Bana ne kawai na shiga aji ina jin nauyi,
kamar mai tallan fitila da rana tsaka.

Can ƙetaren gari akwai dogayen benaye na gilashi,
inda ɗalibaina na bara da na bara waccan
ke kwana a zaune, waya a kunne,
suna ba mutanen wata nahiya haƙuri da harshen aro.
Yanzu hawa huɗu sun yi duhu.
Wata murya ke amsawa, ba ta hamma, ba ta neman hutu,
ba ta da uwa kwance a asibiti.

Nicanor ya ɗaga hannu.
"Malama Perlita, babana motar hayarsa ya sayar
ya biya mini kuɗin makaranta.
Abin da na koya a shekara huɗu
na'ura ta gama shi kafin kofina ya huce.
Me zan kai masa? Takarda?"
Na buɗe baki, na mayar na rufe.
Wanda ya ɓata ba ya cewa a biyo shi.

Daren nan na kira ƙanena Rosauro a tsibirin Bantayan,
ma'ajin ƙungiyar masunta.
Ya aiko da kwali a jirgin safe:
rasit na shekara guda,
wasu gishiri ya cinye gefensu,
wasu da tabon man inji,
duk suna ƙarnin kifi.

Ranar jarrabawa na ce, "Ku buɗe kwamfutocinku.
Ku kira ƙirƙirarriyar basirar, ban hana ba."
Daƙiƙa tara, ta jera komai,
shiga da fita sun zo daidai, ko kwabo bai yi ciwon kai ba.
Aji ya yi tsit, irin na gidan makoki.

Sai Dalisay,
wadda uwarta ke sayar da busasshen kifi a kasuwar Taboan,
ta ɗaga rasit ɗaya wajen hasken taga.
"Ƙanƙara ce, dunƙule arba'in.
Ku dubi kwanan watan.
Makon guguwa ke nan, makon da rufinmu ya tashi.
Ko kwalekwale ɗaya bai fita ba.
Wane kifi aka sanyaya?"

"Sata!" in ji na bayan aji.
Nicanor ya girgiza kai:
"A tambaya tukuna. Baki ke yanka wuya."

Na kira Rosauro, na buɗe muryar kowa ya ji.
Ya daɗe bai ce uffan ba.
"Wuta ta ɗauke kwana tara.
Ƙanƙarar ta maganin masu ciwon sukari ce,
da gawar Eusebio da ta ɗansa,
kafin hanyar maƙabarta ta buɗe.
Ban san layin da zan rubuta hakan a littafi ba."

Ba wanda ya kalli allon kwamfuta.

Ban yi musu alkawarin aiki ba, ba ni da shi a jaka.
Na dai ce, "Ku bar mata jeri da tari, ta fi ku sauri.
Ku koyi sarrafa ta kamar yadda masunci ke sarrafa inji,
hannu a kai, ido a kan ruwa.
Amma ku riƙe tambayar,
ku riƙe ƙafar da za ta taka ta je ta ji."

Ranar yaye su an yi ruwa, huluna sun jiƙe.
Nicanor har yau yana aika takardun neman aiki,
sittin da uku, ya ce, biyu suka amsa.
Dalisay tana jirgin Bantayan duk Asabar,
kwamfuta a cinya, kwali a ƙarƙashin kujera.

Ni kuwa na yage manhajar da na shekara ina bi.
Teburina har yanzu yana ƙarni.
Ban goge ba.